Minti nawa na lissafi a rana? Yadda muke yi a gidanmu a Birmingham

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau Talata, ƙarfe tara saura kwata na safe a nan Birmingham, kuma ga shi kuna gani ta taga, gari ya tashi da yayyafi. Disamba ce, rana ba ta fitowa sai bayan takwas, kafin huɗu na yamma kuma ta faɗi. Yaran na ciki suna ƙarasa karin kumallo, shi ne na ce bari in zauna mu taɓa maganar da wata 'yar'uwa ta kawo mini ran Juma'a da muka fito daga masallaci. Ita ma bana ta fara koyar da ɗanta a gida. Ta ce, "Yaya, don Allah lissafin nan awa nawa kike ba su a rana? Ni kullum gani nake ban yi abin da ya isa ba."

Wallahi na san wannan damuwar, don na kwana da ita.

Da farko dai, doka ba ta yanke mana awa ba. Dokar ilimi ta 1996, sashe na 7, cewa ta yi wajibi ne iyaye su tabbatar yaro ya samu cikakken ilimi daidai da shekarunsa da ƙwazonsa, ko a makaranta ko ta wata hanyar. Ba a tilasta mana bin manhajar gwamnati ba, ba a ce mu bi jadawalin makaranta ba. Sauƙi ne, amma nauyi ne kuma, tunda duk shawarar ta dawo kanki.

Ni da na fara, makaranta na kwaikwaya. Firamare a nan Ingila suna yin darasin lissafi kullum, kusan awa guda, tsarin da ya kafu tun 1999 lokacin da gwamnati ta kawo darasin minti 45 zuwa 60 a kowace rana. Na ce to, mu ma awa guda. Na sayo wani littafi mai tambayoyi 30 a kowane darasi, na ce babu tashi sai an gama. Babban nawa yana da shekara 7 a lokacin. Wata uku muka yi a haka, kuma kusan kullum da hawaye ake tashi. Yaron da yake ƙirga motoci a hanya don jin daɗi ya koma idan ya ga littafin sai ya ce cikinsa na ciwo. Abin ya dame ni ƙwarai.

Bari in nuna muku tsohon littafin aikinsa, na ajiye shi. Ku duba nan. Tambaya ta 1 zuwa ta 12, duk daidai, rubutu tsaf. Daga ta 13 rubutun ya fara karkacewa. Ga ta 22, an ce ya ɗebe, shi kuma ya tara. Ba rashin sani ba ne, don irinta ya ci a sama. Na buɗa shafi bayan shafi, haka abin yake. Ashe minti 20 na farko ne karatu, sauran 40 ɗin gajiya kawai nake koya masa, da ƙin lissafi.

Sannan na manta wani abu. Awa gudan makaranta ta yara 30 ce da malama ɗaya. A ciki za a zauna, a raba littattafai, a yi bayani, a sake yi wa wanda bai gane ba, a jira wanda ya tafi banɗaki. Ni kuwa ina gefensa, da ya kuskure na gani nan take. Ba ma'auni ɗaya ba ne.

Abbansu ne ya warware mini ƙullin. Ya ce, "Ke da kika yi makarantar allo a Zariya, yaushe malam ya taɓa ƙara miki karatu ba ki kawo na jiya ba?" Sai na yi shiru. Gaskiya ne. Ƙari kaɗan ne, tilawa ce mai yawa, kuma ba a wanke allo sai karatu ya zauna. Wanda ya bar tilawa mako guda ya san yadda hadda ke zubewa. Daga baya na ga wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya gwada wannan a kansa ya wallafa a 1885: mantuwa ta fi sauri jim kaɗan bayan an koyi abu, maimaitawa a tsakanin kwanaki kuma ita ke riƙe shi. Malamanmu ba su jira shi ba.

To ga yadda muka koma. Ƙaramar, shekararta 6, minti 15 take yi, kuma yawancinsa ba da fensir ba. Kun ga kwanon waken nan? Da shi muke tarawa da ɗebewa. Sai ta taɓa da hannu, sannan ta zana, sannan mu rubuta lamba. Hanyar da ake koyarwa a Singafo ke nan, makarantun nan ma da yawa sun ɗauka. Wata malama 'yar ƙasar nan, Charlotte Mason, wadda ta rasu a 1923, ta dage a kan gajeren darasi ga ƙananan yara, kada ya wuce minti 20, amma da cikakken hankali. Na gwada na ga gaskiyarta.

Babban yanzu shekararsa 9, shi minti 35 yake yi, kashi biyu. Da safe minti 25 na sabon karatu, tambayoyi takwas ko goma, ba ƙari. Idan ya ci biyar a jere kuma ya iya yi mini bayanin dalilin amsar da bakinsa, mun wuce wurin. Bayan la'asar kuma minti 10 na tilawa, tambayoyi biyar a gauraye: ɗaya daga na jiya, ɗaya daga makon jiya, ɗaya daga watan da ya wuce, haka dai. Gaurayawar nan tana da muhimmanci, domin idan shafi duka rabawa ne, yaro ba ya tunani, hannunsa ne kawai ke tafiya. Idan aka gauraya dole ya tsaya ya tambayi kansa, wannan me ake nema?

Jadawalin sau kuwa, wato haddar 2 sau 2, 2 sau 3 da sauransu, ba ma zama dominsa. A mota muke yi, ko muna jiran bas. A makarantun gwamnati 'yan aji 4 suna yin gwajinsa a watan Yuni, tambayoyi 25, daƙiƙa 6 kowace tambaya, har zuwa 12 sau 12, kuma ya zama dole tun 2022. Yaran gida ba sa zama gwajin, amma na ɗauke shi ma'auni, don in san ba mu yi baya da sa'o'insa ba.

Kwana shida muke yi a mako, Juma'a hutu. Makarantu a nan kwana 190 suke buɗewa a shekara, mu kuma ba ma yin dogon hutun bazara na mako shida cur, ko muna hutu tilawar minti 10 ba ta tsayawa. Na gwammace kaɗan kullum a kan awa biyu ran Asabar.

Ban ce waɗannan lambobin su ne na kowa ba. Wani yaron minti 10 ya ƙoshi, wani zai yi 40 yana neman ƙari. Abin da na ce wa 'yar'uwar nan shi ne ta yi mako guda tana kallon littafin ɗanta, ta ga a tambaya ta nawa yake fara kuskuren abin da ya sani, ta duba agogo. Nan ne iyakarsa a yanzu. Kuma iyakar tana matsawa. Na san idan babban ya kai 12 ko 13 dole lokacin ya ƙaru ya doshi awa, domin jarrabawar GCSE, ta kammala sakandare a nan, na jiransa a shekara 16, kuma mu masu koyarwa a gida mu ke nemo cibiyar da zai zauna, mu biya daga aljihunmu. Tun yanzu ina ajiye wani abu dominta.

Ga su nan sun fito. Mamana, ɗauko kwanon waken, ki zo nan kusa da ni. Yau za mu raba 12 tsakanin mutum uku. Kai kuma ɗauko littafinka ka kawo mini na jiya tukuna. Jama'a, bari in kashe kyamara, don idan tana kunne ba sa mai da hankali. Sai mun sake haɗuwa, in sha Allahu.