Baiwar da Kake Rainawa

Assalamu alaikum, jama'a. Ga mu a gaban hasumiyar Gobarau, a cikin birnin Katsina. Amma yau ba tarihin gini ya kawo mu ba. Maganar baiwa za mu yi, irin wadda Allah ke ajiyewa a jikin mutum, ya kwana ya tashi da ita shekara da shekaru bai san da zamanta ba.

A 1933 akwai wani matashin malami a Makarantar Midil ta nan Katsina, sunansa Abubakar Imam. An haife shi a Kagara a 1911, ya yi karatu a Kwalejin Katsina, sana'arsa koyar da yara. Sai Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta labarai da Hausa. Malam ya ɗauki alƙalami ya rubuta Ruwan Bagaja. East ya ga abin da ke hannun saurayin, ya jawo shi Zariya, aka samu Magana Jari Ce, a 1939 kuma ya zama editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo. Baiwar iya labari tana nan tare da shi tun kafin gasar. Gasar murfi kawai ta ɗaga.

To, me ke sa baiwa ta ɓuya? A ganina, sauƙinta ne ke ɓoye ta. Abin da ya zo maka ba wahala, sai ka ɗauka kowa ma ya iya. Yarinyar da ƙawaye ke yi wa layi ranar biki don ta zana musu lalle, a wurinta wasa ne. Saurayin da 'yan unguwa ke kawo wa waya in ta ƙi caji, cewa yake taɓa-taɓa ce kawai. Akwai matar da ke riƙe lissafin adashin mutum talatin a ka, ba ta taɓa rubutawa ba, ba a kuma taɓa yin rigima ba. Akwai dattijon da in maƙwabta suka yi faɗa shi ake aikawa a kira, ya zauna da su minti goma kowa ya tashi yana dariya. Wannan ma baiwa ce, kuma babba.

Saboda haka, ɗan'uwa, kada ka zauna a ɗaki kana tunanin ko mece ce taka. Duba abin da mutane ke yawan roƙonka ka yi musu. Tuna aikin da kake farawa bayan azahar, sai kiran la'asar ya farkar da kai. Sannan ka je wurin wanda ya san ka tun kana rarrafe. Ki zauna kusa da Inna ko Gwaggo, 'yar'uwa, ki ce, "Gwaggo, lokacin ina ƙarama me na fi ɓata lokaci a kai?" Su ba sa manta irin wannan. Abokan majalisa kuwa a yi hattara, wasu yabo kawai suka iya, wasu kuma kushe.

Gano ta shi ne mai sauƙin. Renonta ne aiki, kuma nan ne yawancinmu ke zubewa. Je shagon tela ka gani. Yaron da ya zo koyo yakan yi watanni yana sa maɓalli, yana guga, yana share ƙyallaye, kafin maigida ya yarda ya miƙa masa almakashi ya yanka shaddar mutane. Da yawa a wannan zangon suke gudu, su ce abin bai karɓe su ba, alhali hannun yana nan, haƙurin ne ya gaza. Ku tuna Alhaji Mamman Shata, ɗan Musawa. Da tallar goro da alewa ya fara, mahaifinsa ma bai so waƙar ba. Ya yi ta yi shekaru aru-aru, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Ya rasu a 1999, kabarinsa na Daura.

Ba na ce ka bar makaranta ko ka rufe tireda ba. Ware awa ɗaya kullum, ko bayan isha'i ne. Nemi wanda ya fi ka, ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce, "Maigida, koyo na zo." In ya gyara maka aiki kada ka yi fushi. Wayar da ke hannunka ma ta isa: ɗauki hoton abin da ka yi yau, bayan wata uku ka ajiye shi kusa da sabo, idonka zai gaya maka gaskiya.

Iyaye, da ku zan rufe, don abin yana damuna ƙwarai. In kun tarar da yaro ya kwance tocila yana leƙen cikinta, a ajiye bulalar tukuna. A tambaye shi me ya gani. Ranar Asabar kuma, in babu makaranta, a kama hannunsa a kai shi wurin mai gyaran rediyo na bakin kasuwa, a ce, "Malam, ga ɗanka nan, ya zauna ya riƙa kallo."