Silin ɗin tsohuwar mota: rataya shi ake yi, ba mannawa ba

Jama'a, kwanakin nan bidiyo ya yi ta yawo: mutum ya shiga tsohuwar mota, ya feshe rufinta da gam, ya danna yadi, ya ce ya gama. Wannan dabara ta motocin baya-bayan nan ce, masu silin ɗin allo da siririn soso. Tsofaffi irin su Volkswagen Beetle da Ford Mustang ta 1965, silin ɗinsu ba ya ma taɓa rufin.

[Hoto: bayan yadin]

Ku duba bayansa. Kun ga waɗannan dogayen aljihunan da aka ɗinka a jere? Kowanne sandar ƙarfe ce ke shiga cikinsa, kamar zariya a ƙubakar wando. Bakin sandar biyu su zauna a ramukan gefen rufi, yadin ya rataya a jikinsu.

In za a canza irin wannan silin, shirin farko ba wuya. A cire gilashin gaba da na baya, don bakin yadin a ƙarƙashin robarsu yake ɓuya. A kwance fitilar ciki da makarin rana. A kankare tsohon gam, a kashe tsatsa, a sa sabon abin tare zafi.

To, a nan zan tsaya, don a nan ake ɓata aikin.

[Hoto: sanduna jere a ƙasa]

Sandunan nan, ido zai ce muku duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Rufin mota yana da faɗi a wani wuri, ya tsuke a wani, saboda haka kowace sanda da tsawonta, da irin lanƙwasarta. Wasu kamfanoni har fenti suke ɗigawa a bakinsu don a bambance, amma bayan shekara 50 fentin ya daɗe da gogewa. Don haka tun kafin ku zare ko guda, ku naɗa mata tef ku rubuta lamba: 1 daga gaba, har zuwa baya. Ku yi alamar hagu da dama. Idan gefen rufin yana da rami fiye da ɗaya, ku yi wa wanda kuka same ta a ciki alama.

In kuka sa doguwa a gurbin gajera, za ta tokare rufi ko ta kwanta. Gajera kuma a gurbin doguwa sai ta yi ta rawa, yadin ya yi ciki. Kuma wallahi babu jan da zai gyara wannan. Abin yana ba ni takaici in ga an ja sabon yadi har ya yage, alhali laifin na sanda ne.

[Hoto: almakashi a bakin aljihu]

Sai wannan ɗan yankan. Bayan sandunan sun shiga aljihunan sabon yadin sun zauna a ramukansu, a tsaga bakin kowane aljihu kaɗan ta gefe biyu, don yadin ya samu ya sauko ya bi kwanar rufin. Kaɗan-kaɗan fa. Abin da almakashi ya ci ba ya dawowa.

Ja kuma daga tsakiya ake farawa. Tsakiyar baya, tsakiyar gaba, sannan a bi gefe, hagu da dama daidai wa daida. Ni na fi son a fara riƙe shi da kilif na takardu, a ja baya a kalle shi, kafin gam ya shigo. Gam ɗin a baki kawai, kuma mai jure zafi, don rufin mota yana gasuwa a rana.

Ragowar tamoji, ɗan ɗumi ko tururi zai miƙar da shi, amma kada a matso da zafin kusa. Ramin fitila shi ne na ƙarshe: ku lalubo wurin da yatsa, ku tsaga ƙarami, sannan a mayar da gilasai.