Yadda sojojin jiki ke gane baƙo

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau daga ɗakin bincike nake muku magana, a nan Basel ta ƙasar Suwizalan. Bari in matso da kyamara ku ga wannan kwalbar. Jini ne aka wulwula a inji: jan ya kwanta ƙasa, ruwan ɗorawa ya taso sama, ga wani siririn farin zobe a tsakani. To a cikin zoben nan fararen ƙwayoyin jini suke, su ne sojojin jiki. Ba su da ido, ba su da hanci, amma suna bambance na gida da baƙo. Ta yaya?

Da taɓawa suke ganewa. Kowace ƙwaya tana da risefta a fatarta, wato furotin mai wata siffa da ke manne wa abin da ya dace da ita. Abin da riseftar ƙwayar B ko ƙwayar T (nau'o'i biyu na fararen ƙwayoyin jini) ta kama, shi ake kira antijin. Kuma ba dukan ƙwayar cutar ake kamawa ba, ɗan gefe ne kawai na furotin ɗinta ko sukarin da ke bayanta.

Masu gadin farko, irin su makurofaj masu haɗiye ƙwayoyin cuta, ba za mu daɗe a kansu ba. An haife su da risefta 'yan kaɗan masu gane alamun da ƙwayoyin cuta ba sa iya rabuwa da su. Mutum yana da iri 10 na wani dangin waɗannan riseftoci mai suna TLR: ta 4 tana gane wani sinadari na bangon wasu bakteriya, ta 5 kuma furotin ɗin wutsiyar da suke iyo da ita. Jules Hoffmann ya gano amfanin irin wannan risefta a jikin ƙuda a 1996, Bruce Beutler ya same shi a ɓeraye a 1998.

Inda magana ta yi daɗi shi ne wajen ƙwayar B. Ƙwayoyin gadon da ke haɗa furotin a jikin mutum ba su wuce 20,000 da 'yan kai ko ƙasa da haka ba, amma jiki yana iya yin antibodi, wato riseftar da ƙwayar B ke saki cikin jini ta kama baƙo, ga abin da bai taɓa gani ba, har da sinadarin da aka ƙirƙira a ɗakin gwaji. Ina ya samo tsarin? A garin nan aka warware wannan. A 1976 Susumu Tonegawa, ɗan Japan, ya nuna cewa ƙwayar B tana yanka DNA ɗinta da kanta, ta sake ɗinkewa. A cikin ɓargo, kowace sabuwar ƙwaya tana ɗaukar yanki ɗaya daga rukunin V, masu kusan 40, ɗaya daga D, masu kusan 23, ɗaya daga J, guda 6. Ku buga lissafin, ya haura 5,000, kuma wannan rabin riseftar ne kawai. A bakin ɗinkin ma ana gutsure wasu haruffan DNA, a cusa wasu ba tsari. Nan adadin ke tashi ya kai biliyoyi. Tonegawa ya karɓi kyautar Nobel shi kaɗai a 1987.

Ku lura da abin da wannan ke nufi, don ni shi ne ya fi ɗaure min kai. Jiki ba ya jiran cuta ta zo sannan ya auna ta. Tun kafin ta zo ya zuba riseftoci barkatai, kowace ƙwaya da irin tata guda. Ranar da antijin ya shigo, ƙwayar da ta dace da shi ita ce za ta yi ta rabuwa har ta zama dubbai. Macfarlane Burnet ya kawo wannan tunani tun 1957. Kaluluwar da ke fito wa mutum a hammata ko matsematsi idan ya ji ciwo, galibi wannan hayayyafar ce ke kumbura ta.

Ƙwayar T kuwa al'amarinta daban ne. Ko bairos ya gifta ta gabanta ba za ta gan shi ba, sai an yanka shi an miƙo mata. Dalili kuwa, bairos cikin ƙwayoyin jikinmu yake ɓuya, inda antibodi ba ya isa. Sai aka yi dabara: kusan kowace ƙwaya mai cibiya a jiki tana niƙe tsofaffin furotin ɗinta, ta ɗauki guntaye ta ɗora a kan wani furotin mai suna MHC, ta fito da su waje. Kamar a ce kowane gida ya riƙa ajiye ɗan samfurin shararsa a bakin ƙofa, mai bincike yana bi yana dubawa, don ya san abin da ake yi a ciki ba tare da ya shiga ba.

Ku duba allon kwamfutar nan. Wannan siffar HLA-A2 ce, ɗaya daga MHC na mutum, wadda Pamela Bjorkman da Don Wiley da abokan aikinsu suka fitar a Harvard a 1987. Bari in juya ta. Kun ga bango biyu murɗaɗɗu, da shimfiɗa a ƙasa, da kwarmi a tsakiya? A cikin kwarmin guntun furotin yake kwanciya, tsawon amino asid (tubalan da ake gina furotin da su) 8 zuwa 10. Riseftar T tana saukowa daga sama ta taɓa guntun da bangon a lokaci guda. Idan guntun na gida ne, ta wuce. Idan na bairos ne, ƙwayar T mai alamar CD8 ta kashe ƙwayar da ta nuna shi. Akwai MHC na biyu, mai ɗaukar guntaye masu tsawo daga abin da aka haɗiyo daga waje, shi kuma ƙwayoyin T masu alamar CD4 yake nuna wa, waɗanda HIV ke kai wa hari.

Rolf Zinkernagel da Peter Doherty ne suka fara cin karo da wannan a Kanbera ta Ostareliya a 1974. Sun ga ƙwayar T ta ɓeran da ya kamu da bairos tana kashe ƙwayoyin da suka kamu, amma fa sai in MHC ɗinsu iri ɗaya ne da nata. Bairos ɗaya, MHC daban, ko kallo ba ta yi.

Wani zai ce, tunda barkatai ake ƙera riseftocin, me zai hana wata ta kama naman jikin mai ita? Ana samun su, da yawa ma. Shi ya sa ƙwayoyin T ke bi ta taimos, wani ɗan nama a bayan ƙashin ƙirji. Wadda ba ta iya riƙe MHC ba, sai ta mutu, wadda ta riƙe guntun gida da ƙarfi fiye da kima ita ma ta mutu. Fiye da kashi 90 cikin 100 ba sa fitowa. Tantancewar ba ta cika ɗari bisa ɗari ba, kuma daga masu zillewa ake samun cututtuka irin ciwon sukari nau'i na 1.

MHC ɗin kowa da irin guntayen da kwarminsa ke riƙewa, shi ya sa ake gwada HLA, wato MHC na mutum, kafin dashen ƙoda ko ɓargo. A 1991 binciken Adrian Hill a kan yara a Gambiya ya nuna masu HLA-B53 ba su cika kamuwa da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ba.

Wasu bairos, irin su CMV, sun iya wayo: suna hana ƙwayar da suka shiga fito da MHC, don kada T ta ga komai. Sai dai akwai ƙwayoyin NK, wasu fararen ƙwayoyin jini masu kisa, waɗanda Klas Kärre na Suwidin ya bayyana aikinsu a 1986. Su MHC na gida ne ke riƙe musu hannu. Duk ƙwayar da suka taɓa suka ji ba shi, in akwai alamar tana cikin matsala, sai su kashe ta.