Guy: Sunan Mutum Da Ya Koma Kalmar Kowa

Jama'a, barkanmu da wannan lokaci. Duk sanda Ba'amurke ya shigo taro ya ce "hi guys", sunan wani mutum yake ambata, mutumin da aka kashe fiye da shekara 400 da suka wuce.

Guy suna ne da iyaye ke raɗa wa ɗa namiji. Faransawa "Gi" suke cewa, mutanen Italiya kuma Guido. Tushensa Wido ne na tsoffin Jamusawa, wanda masana ke dangantawa da itace ko faɗi. Normandawa, mutanen arewacin Faransa da suka ci Ingila da yaƙi a 1066, su suka shigo da shi can.

To, yanzu mu je Landan, shekarar 1605. Wasu 'yan ɗarikar Katolika ƙarƙashin Robert Catesby sun ƙulla makircin hallaka Sarki James na ɗaya ranar buɗe majalisa. Ganga 36 ta albarushi suka jibge a ɗakin ajiya da ke ƙarƙashin zauren majalisar, suka rufe da itacen girki. Wanda aka bar wa gadi da kunna wuta shi ne Guy Fawkes, haifaffen garin York na Ingila, wanda ya taɓa yi wa Sifen aikin soja. Wata wasiƙa marar suna ta tona asiri, aka cafke shi kafin wayewar garin 5 ga Nuwamba. A watan Janairun 1606 aka kashe shi.

Daga nan kowace 5 ga Nuwamba sai a hura wuta, daga baya har aka riƙa ƙona mutum-mutuminsa. Yara su cusa wa tsohon wando da riga tsummoki da takardu, su ɗora masa hula, su tura shi a baro suna roƙon kwabo, suna kiransa "guy". A hankali duk mai shigar banza sai aka riƙa ce masa haka. Da kalmar ta ƙetara Amurka a ƙarni na 19, zagin ya goge, ta koma "namiji" kawai, yau har mata sun shiga ciki.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ta iso wurinmu. Daga Turanci muka samo "gaye", har muka yi "gayu". Kalmar da aka laƙaba wa mai tsumma, a Kano da Kaduna ta zama ta saurayin da ya sha shadda mai guga, ya kafa hula, ya fesa turare.