Maganin yana nan, hanyar zuwa garke ce babu

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. An ce in yi magana a kan yadda magani da rigakafin dabbobi za su riƙa isa ga ƙaramin mai kiwo, mai awaki 5 da kaji 12. Abu 4 na rubuto a takardar nan. In na zarce, shugaban zama ya ja mini riga.

Na farko, girman kwalba. Rigakafin cutar Newcastle, wadda ke shiga kaji ta murɗe musu wuya ta share akurki cikin 'yan kwanaki, galibi kamfani na zuba na kaza 500 ko 1,000 a kwalba ɗaya. Kuma da an haɗa shi da ruwa, kafin awa 2 ya tashi aiki. To mai kaji 12 ta saya ta kai sauran ina? Ba za ta saya ba. Mai shago ya ga ba a saye, ya daina kawowa. Kamfani ya duba lissafinsa ya ce ai ƙananan masu kiwo ba sa son rigakafi. Kowa ya zame, kaji na mutuwa.

Na biyu, zafi. Yawancin rigakafi yana son sanyin digiri 2 zuwa 8, tun daga masana'anta har bakin allura. A nan zan ɗan zauna, ku yi haƙuri, domin sai na ba ku labarin bushiya, wato annobar shanu da Turawa ke kira rinderpest.

Matasan da ke nan ba ku san bushiya ba, kuma da yardar Allah ba za ku san ta ba. Ta shigo Afirka a wajen 1887 ta gaɓar Eritriya, tare da shanun da aka kawo wa sojojin Italiya. Kafin shekara 10 ta ratsa nahiyar, wurare da yawa cikin shanu 10 da ƙyar 1 ko 2 suka tsira. Mutum ya kwana da garke, ya tashi da sanda kawai a hannu. A wajen 1960 wani Baturen Ingila, Walter Plowright, yana aiki a Kenya, ya samar da rigakafin da ba a taɓa yin irinsa ba: allura ɗaya, saniya ta tsira har ta mutu. Allura ɗaya fa, jama'a. Amma sai a 2011 aka shelanta cewa bushiya ta ƙare a duniya. Shekara 50! Maganin yana nan, me ya tsare shi?

Abubuwa da yawa, har da yaƙi da ƙarancin kuɗi. Amma babba a ciki, rigakafin ba ya jure zafi. Sai da firij, firij sai da mota, mota sai da hanya, shanu kuwa ba a bakin titi suke kiwo ba. Ma'aikata su yi wa na kusa allura, su koma ofis su cike takarda, cuta ta laɓe a lungun da mota ba ta shiga. Shi ya sa bayan an yi zaton an gama da ita, ta dawo da ƙarfi a farkon shekarun 1980. Dattijon nan na gaba yana gyaɗa kai. Baba, ka ga wannan da idonka ko? To kun ji.

Sai a ƙarshen shekarun 1980 Jeffrey Mariner na jami'ar Tufts ta Amurka ya gyara yadda ake busar da rigakafin, ya zama yana iya yin wata guda ba firij. Rigakafin nan dai na Plowright ne, busarwar kawai aka canja. Daga nan aka yi abin da wasu likitoci suka ƙi jinin ji: aka zaɓi makiyaya daga cikin jama'arsu, waɗansu ko karatu ba su yi ba, aka koya musu haɗawa da yin allura, aka ba su kaya suka bi garke da ƙafa. An yi haka a Kudancin Sudan ana tsakiyar yaƙi, an yi a yankin Afar na Habasha. Da aka ɗebi jinin shanun Afar aka auna, aikin makiyayan ya fi na ayarin masu motoci kamawa. Ni ban ga abin mamaki ba. Makiyayi ya san inda garke zai sha ruwa gobe, kuma ba wanda zai ɓoye masa saniya don tsoron haraji. (Dariya.) A 2001 aka ga bushiya ta ƙarshe, a jikin ɓauna a Kenya. Bayan agana, ita ce cuta ta biyu da ɗan Adam ya kawar daga doron ƙasa.

Kaji ma an yi musu irin wannan. Jami'ar Queensland ta Ostareliya ta fitar da rigakafin Newcastle mai suna I-2, mai jure zafi, ɗigo ɗaya a ido, a maimaita duk wata 4. Mutum ɗaya a ƙauye ya buɗe kwalba ya zaga gida-gida, kowa ya biya na kajinsa. Kun ga ya warware matsalar kwalbar nan ta farko.

Muna na nawa? Na uku? To ku ɗauka na huɗu ne, ga shugaba yana duba agogo. Jabun magani. Magungunan sammore, diminazene da isometamidium, sun haura shekara 60 ana amfani da su, ana samun na bogi da masu raunin haɗi, kuma mutane na rage awo don ƙunshi ɗaya ya ishi shanu 2. Ƙwayar cuta ba ta mutu ba, ta dai saba. Sannan tun da gwamnatoci da yawa suka janye daga raba magani kyauta a shekarun 1980, ɗan kasuwa ya tsaya inda riba take. Akwai kuma annobar awaki da tumaki, PPR, da aka sa 2030 a kawar da ita. Wannan sai wani zaman. Na'am, Hajiya, ki ɗaga murya.

(Wata ta tambaya: in kaji sun fara mutuwa, a yi musu ɗigon a lokacin?)

A'a, Hajiya, kada ki yi. Rigakafi ba ya warkar da wadda ta riga ta kamu, kuma jiki na buƙatar mako 1 zuwa 2 kafin kariya ta kama. In kika ɗiga wa masu ɗauke da cutar suka mutu, maƙwabta za su ce ɗigon ne ya kashe su, baɗi ba mai yarda. Mai yin ɗigon ma zai iya kwasar cutar a takalmi da hannu ya kai gida na gaba. Ki ware marasa lafiya, ki binne matattu ko ki ƙone, kada ki sayar da masu layi, kada ki kawo sabuwar kaza. Ki tuna watan da cutar ta saba zuwar muku, ki kira mai ɗigo wata guda kafin nan.