Na'urar Gano Cuta: Daga Ɗakin Bincike Zuwa Layin Majinyata

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci. Sharhinmu na yau ya shafi manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ake cewa suna iya gano cuta.

Da wuya wata ya shuɗe ba a ji labarin wata sabuwar manhaja da ta kere likitoci ba. Tun da manhajar hira ta ChatGPT ta fito a ƙarshen 2022, aka kuma ruwaito cewa ta kai makin cin jarrabawar lasisin likitanci ta Amurka ko dab da shi, maganar ta ƙara zafi. Wanda bai bi tarihin abin ba zai ɗauka jiya aka fara. Alhali an haura shekara hamsin ana wannan fafutika, kuma akwai wani tuntuɓe guda da ake ta yi tun farko har yau.

A 1972, wani likita a Jami'ar Leeds da ke Ingila, Tim de Dombal, ya gwada kwamfuta kan masu zuwa asibiti da matsanancin ciwon ciki. Likita zai cike takarda: a ina ciwon ya fara, ya matsa zuwa wani gefe, akwai amai, akwai zazzaɓi. Kwamfutar sai ta auna amsoshin da bayanan ɗaruruwan majinyatan da aka gani a baya, ta faɗi cutar da ta fi kama da gaskiya. Cikin majinyata 304, ta dace a kusan kashi 92 cikin ɗari, manyan likitocin kuma kusan kashi 80. Da aka ɗauki tsarin aka kai birnin Copenhagen na ƙasar Denmark, sai ƙoƙarinsa ya ja da baya sosai. Lissafin bai sauya ba. Mutanen da ke shigowa ne daban, cututtukan da suka fi yawa a cikinsu daban, hatta yadda likitoci ke fassara tambayoyin takardar daban.

A cikin shekarun ne kuma Edward Shortliffe ya gina wata manhaja mai suna MYCIN a Jami'ar Stanford da ke Amurka, don gano ƙwayoyin cutar da ke shiga jini ko haddasa sanƙarau, da ba da shawarar maganin da ya dace. Yadda aka gina ta abin sha'awa ne. An zauna da ƙwararrun likitoci ana yi musu tambayoyi, ana mayar da iliminsu ƙa'idoji, har kusan 600. Kowace ƙa'ida tana da siga ɗaya: idan ƙwayar cutar ta ɗauki launi kaza a gwaji, siffarta kaza ce, kuma majinyacin ya ƙone sosai, to akwai yiwuwar ƙwaya kaza ce, da ƙarfin zato kaza. Likita na iya tsayar da ita ya ce, me ya sa kika yi mini wannan tambaya? Sai ta nuna masa ƙa'idar da take bi. A gwajin da aka wallafa a 1979, masu tantancewa sun amince da shawararta a kashi 65 cikin ɗari, malaman likitancin da aka haɗa ta da su kuwa babu wanda ya wuce 62.5.

Duk da haka ba a taɓa sa MYCIN aiki a ɗakin majinyata ba. Sai likita ya zauna yana buga amsoshi ɗaya bayan ɗaya, ga marasa lafiya na jira. Ba ta da hanyar karanta takardun asibiti da kanta. Ba a kuma san wanda za a kama ba idan ta yi kuskure. Sannan masu gina irin waɗannan tsare-tsare sun ci karo da wani abu: gogaggen likita ya san fiye da abin da bakinsa zai iya faɗa. Yana kallon yadda mutum ya shigo, yadda ya zauna, yadda yake numfashi, ransa ya ba shi wani abu, amma ka ce ya rubuta maka ƙa'idar sai ya rasa ta inda zai fara.

Manhajojin zamanin nan sun kauce wa wannan matsala. Ba a rubuta musu ƙa'ida. Hotuna ake tara musu, dubbai a kan dubbai, kowanne da hukuncin da likitoci suka yanke a kansa, su kuma su laluɓo alamun da kansu. A 2016 masu bincike na Google suka horar da wata da hotunan cikin ido kimanin 128,000, don gano lahanin da ciwon suga ke yi wa gani. A 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da IDx-DR, manhaja ta farko da aka yarje wa ta yanke irin wannan hukunci ba tare da likita ya duba hoton ba. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ana iya amfani da manhaja wajen karanta hoton ƙirji don tace masu tarin fuka, ga 'yan shekara 15 zuwa sama. Wannan ci gaba ne na gaske, kuma ba na cikin masu raina shi. Inda babu ƙwararren mai karanta hoto ko ɗaya, manhajar da za ta ware waɗanda ya kamata a gwada majinarsu tana ceton rai.

Sai dai an biya farashi. MYCIN tana iya faɗin dalilinta, waɗannan kuwa akasari ba sa iyawa, kuma wani lokaci abin da suka koya ba shi aka yi niyyar koya musu ba. Masu binciken ciwon dajin fata a Stanford sun lura manhajarsu ta fi zargin hoton da rula ta fito a cikinsa. Dalili kuwa, likitoci sun fi ɗora rula kusa da tabon da ya tayar musu da hankali. Wani binciken na 2018 ya nuna manhajar gano ciwon huhu tana iya gane asibitin da hoto ya fito, tana kuma jingina hukuncinta da yawan masu cutar a can.

Abin da ya faru a Tailan ya fi komai nuna inda gizo ke saƙa. Google ta kai manhajarta ta ido wasu ƙananan asibitoci, kuma ita da kanta ta wallafa abin da ta gani a 2020. An horar da manhajar da hotuna masu kyau, an kuma umarce ta ta ƙi duk wanda bai fito sosai ba. To ga ma'aikaciyar jinya a ɗakin da ba a iya duhunta shi yadda ake so, ga layin masu ciwon suga a waje. Ta ɗauki hoto, manhaja ta ƙi. Ta sake ɗauka, ta sake ƙi, alhali ita da idonta tana ganin hoton zai karantu. Intanet kuma na tafiyar hawainiya, sai an jira hoto ya hau. Fiye da kashi ɗaya cikin biyar na hotunan aka ƙi, kuma masu su aka ce su je wani asibitin ganin likitan ido, wasunsu ba su da halin tafiyar. A takarda manhajar ta haura kashi 90 wajen dacewa. A wancan ɗakin, wani lokaci aiki ta ƙara wa ma'aikata.

Kada a ce matsalar ƙasashe masu tasowa ce kawai. A Amurka, ɗaruruwan asibitoci sun yi amfani da wata manhaja ta kamfanin Epic mai gargaɗi kan gubar ƙwayoyin cuta a jini. Da masu bincike a Jami'ar Michigan suka auna ta a 2021, sai suka ga kashi biyu cikin uku na masu cutar sun wuce ba ta ankara ba, ga shi tana ta kaɗa ƙararrawa kan mutane da yawa da ba su da ita. Shi ma Watson, tsarin kwamfuta na kamfanin IBM, da aka yi ta kururuta zai kawo sauyi a maganin ciwon daji, cibiyar kula da masu ciwon daji ta MD Anderson ta kashe kimanin dala miliyan 62 a kansa kafin ta jingine aikin. A 2016 ne ma Geoffrey Hinton, ɗaya daga cikin iyayen wannan fasaha, ya ce a daina horar da likitocin karanta hoto. Har yanzu asibitoci neman su suke yi.

Manhajojin hira irin su ChatGPT sun zo da nasu salon. Jarrabawa tana zuwa da bayanai a shirye: shekarun majinyaci, alamunsa, sakamakon gwajinsa, duk an jera. Majinyaci na gaske kuwa cewa zai yi jikinsa ba daɗi, ya manta da maganin da ya sha, ya ɓoye abin da yake jin kunyarsa. Rabin aikin likita shi ne sanin tambayar da zai yi a gaba, da sa hannu ya taɓa. Manhajar kuma ko ta sani ko ba ta sani ba, da murya ɗaya take amsawa, cikin natsuwa da tsari, har takan ƙirƙiro binciken da ba a taɓa yi ba ta kafa hujja da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan wannan a jagorar da ta fitar a farkon 2024.

Saboda haka duk ma'aikatar lafiya ko asibitin da aka kawo wa tallar irin wannan manhaja, ba girin-girin ba dai, ta yi mai. A tambayi mai tallar a kan su wa aka gwada ta, da irin na'urar ɗaukar hoton da aka yi amfani da ita, a kuma sake gwada ta a wurin da za ta yi aiki kafin a dogara da ita. A tambayi kai ma: wanda ta ce yana da cuta, akwai likita da maganin da zai samu? Sannan tambayar da ta hana MYCIN shiga asibiti, wato wa za a kama idan an yi kuskure, tana nan ba a amsa ta ba. Kamfanin da ya yi IDx-DR ya ce ya ɗauki inshorar kuskuren aikin likita a kan manhajarsa. Mafi yawan sauran kuwa a takardar yarjejeniya suke rubuta cewa shawara kawai manhajarsu ke bayarwa, hukunci da alhakinsa na wuyan likitan da ya yi amfani da ita.