Wanke Hanci da Ruwan Gishiri ga Masu Aiki Cikin Ƙura da Hayaƙi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugabannin ƙungiya, iyayena da 'yan'uwana masu sana'a, barkanku da yamma, kuma na gode da kuka bar wuraren nemanku kuka zo. An shaida mini cewa a ɗakin nan akwai masu injin casar shinkafa, da masu fasa dutse, da kafintoci, da masu walda, da direbobin adaidaita sahu da ke wuni a bayan hayaƙin manyan motoci. Abubuwa huɗu na shirya: aikin hanci, haɗa ruwan wanki, yadda ake wankin, sannan abin da wankin ba zai iya yi ba.

Na farko, baligi yana shaƙar iska sama da lita 10,000 a kowace rana, mai aikin ƙarfi kuma ya wuce haka. Gashin da muke gani a bakin hanci yana tare manyan tarkace, amma babban aikin a ciki ake yin sa, inda majina siririya ta lulluɓe fatar hancin, a ƙarƙashinta kuma akwai wasu ƙananan gasusuwa da ido ba ya gani, suna kaɗawa ba dare ba rana suna tura majinar da ƙurar da ta kama zuwa maƙogwaro cikin kamar minti 10 zuwa 20, mutum ya haɗiye bai sani ba. Na ga wasu sun yamutsa fuska. Ku yi haƙuri, kowa a nan ya haɗiye tasa tun da muka zauna, har da shugaba. (Dariya.) Matsalar tana tasowa ne idan ƙurar ta fi ƙarfin wannan tsari, ko kuma iska ta bushe, kamar a hunturu daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin da iskar arewa maso gabas ke kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ta sauke mana. Majina ta yi kauri, ta bushe, gasusuwan su kasa motsi, sai toshewar hanci da ciwon kai da haɓo su biyo baya.

Na biyu shi ne ruwan, kuma a nan zan daɗe, domin a nan ne mutane ke cutar da kansu da kyakkyawar niyya. Ruwan jikin ɗan Adam yana da gishiri, kimanin giram 9 a kowace lita, wato irin ma'aunin da ke cikin ledar ƙarin ruwa ta asibiti. Idan ka zuba wa hanci ruwa zalla, zai yi maka zafi, fatar ciki ta kumbura, kamar yadda duk wanda ya taɓa shaƙar ruwa wajen iyo a kududdufi ya sani. Idan kuma gishirin ya yi yawa, raɗaɗi zai yi ya ƙara busar da wurin. Saboda haka ma'aunin shi ne rabin lita na ruwa, wato cikin ledar fiya wata guda, da ƙaramin cokalin shayi ɗaya na gishiri, a shafe bakinsa, kada a yi masa tozo. Ƙaramin cokali na ce, Alhaji, ban ce cokalin cin shinkafa ba. Wanda ya samu bekin soda irin na masu yin kek yana iya ƙara rabin cokali don ya rage zafi, amma kada a sa kanwa a madadinsa, domin ƙarfin kanwa ya bambanta daga wannan zuwa waccan, ga ƙasa da tsakuwa a cikinta.

To, ruwan kansa dole ne a tafasa shi. Zan maimaita, dole ne a tafasa shi, ya yi aƙalla minti ɗaya yana ɓararraka, sannan a rufe shi ya huce har ya koma ɗumi-ɗumi. Mutane sukan ce mini, ai ruwan da nake sha ne, me zai yi mini? Bambancin shi ne ciki yana da sinadari mai tsami da ke kashe ƙwayoyin cuta da yawa, hanci kuwa ba shi da shi, kuma tsakanin rufin hanci da ƙwaƙwalwa ƙashi ne siriri mai huje-huje inda jijiyoyin jin ƙamshi ke ratsawa. Akwai wata ƙwayar halitta mai suna Naegleria fowleri da ke rayuwa a ruwa mai ɗumi, a tafki da kududdufi da tankin da rana ke duka ba a wanke shi. Shan ta ba ya yin komai, amma idan ta shiga ta hanci tana iya bin waɗannan jijiyoyi ta kai ƙwaƙwalwa, kuma kusan duk wanda ta kama ba ya tashi. A shekarar 2011 mutum biyu sun rasu a jihar Luwiziyana ta Amurka bayan sun wanke hanci da ruwan famfon gidajensu. Birnin Karachi na Pakistan ya yi shekaru yana rasa mutane ta wannan hanya a lokacin zafi. Kada kuma wani ya ce abin na nesa ne, domin a wajajen 1980 likitoci a Zariya sun rubuta rahoton wani manomi da wannan cuta ta kama. Cutar ba ta da yawa, wannan gaskiya ne, kuma ban faɗa don in tsorata ku ba, sai dai kuɗin kariyarta bai wuce ɗan gawayin tafasa buta ɗaya ba. Ruwan leda ma a tafasa shi, domin don sha aka tace shi. Ruwan rijiya, na burtsatse, na 'yan garuwa, duk hukuncinsu ɗaya. Abin da aka haɗa yau kuma kada ya wuce kwana ɗaya, gobe a zubar a sake sabo. Masu injin niƙa, na san akwai mai shayi kusa da kowannenku, kuma tukunyarsa ba ta sauka daga wuta, to uzuri ya ƙare.

Na uku, yadda ake yi. A sami sirinji babba mai cin mililita 20 ko sama, a cire allurar, ko robar matsawa da ake sayarwa a kemis. A wanke hannu, a sunkuya a kan kwano, a karkata kai gefe, a buɗe baki ana numfashi ta cikinsa, a tura ruwan a hankali ta ƙofar hancin da ke sama har ya fito ta ɗayar. A juya a yi wa ɗayan ɓangaren. Sannan a face a hankali, ƙofa ɗaya bayan ɗaya, domin facewa da ƙarfi tana tura majina zuwa kunne. Sau ɗaya bayan an tashi aiki ya wadatar, sau biyu a ranar da ƙura ta yi yawa. Kowa da nasa sirinjin, a wanke a shanya. Mai ciwon kunne, da wanda aka yi wa aiki a hanci, da mai yawan haɓo, su fara ganin likita.

Na uku kuma, au, na huɗu ke nan ko? To, kafin na huɗun, maganin feshi na buɗe hanci irin su Otrivin kada ya wuce kwana biyar zuwa bakwai, domin bayan haka hancin yana ƙara toshewa da zarar ƙarfinsa ya sake shi. Sirace yana ɗan sauƙaƙawa, amma ya sha ƙona yara. Taba gari kuwa atishawa kawai take sawa, ta bar guba.

Na huɗun shi ne, hanci yana kama manyan ƙura ne kawai. Ƙurar da ba ta kai maikiron 2.5 ba, wadda ta fi silin gashin kai siranta sau ashirin ko fiye, wucewa take yi kai tsaye zuwa huhu, kuma babu ruwan gishirin da zai bi ta can. Masu fasa dutse, ƙurar dutse tana taurara huhu, kuma idan ya taurara ba ya komawa. Mun ga abin da ƙurar niƙan dutsen zinariya mai dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara kusan 400 suka rasu. Don haka a riƙa jiƙa dutse da ruwa, a sa takunkumi mai lamba N95 wanda ya kama fuska, domin ƙyalle da rawani ba sa tare waɗannan ƙananan. Na ga hannu a baya. Bismillah, Malam.

(Mai tambaya: Likita, mu da muke alwala sau biyar muna shaƙa ruwa muna facewa, wannan bai isa ba? Kuma yaya za a yi da azumi?)

Madalla da wannan tambaya, Malam. Shaƙa ruwa da facewa a alwala yana fitar da ƙurar da ke gaban hanci, kuma mai yin sa da kyau ya fi wanda ba ya yi. Sai dai ruwan tafin hannu kaɗan ne, ba shi da gishiri, kuma ba ya kaiwa can ciki inda majinar ta daskare, shi ya sa nake cewa mai wuni a gaban injin casa ya ƙara da wannan wankin da yamma. Abin da zan roƙa shi ne a kula da ruwan alwalar shi ma: tankunan masallatan kasuwa da na tasha a riƙa wanke su ana rufewa, kuma wanda ke aiki a daji kada ya ja ruwan kududdufi da ƙarfi zuwa cikin hancinsa. Game da azumi, hadisin Laƙiɗ ɗan Sabira ya yi umarni da a kai matuƙa wajen shaƙa ruwa sai dai idan mutum yana azumi, kuma wannan wankin da sirinji babu shakka yana iya kai ruwa maƙogwaro. Hukuncin na malamai ne, ga su nan a sahun gaba. Ta ɓangaren lafiya dai babu abin da za a rasa idan aka jinkirta shi zuwa bayan buɗa-baki, a sake yin wani kafin sahur ga wanda hancinsa ke toshewa da dare. Akwai wani hannun a gefen mata, a miƙa wa Hajiya abin magana.